Theodore Maiman (1927–2007): Mutumin Da Ya Fara Kunna Hasken Leza

Idan aka tambayi masana kimiyyar Fiziks wane ne ya ƙago leza, ba safai bakinsu yakan zo ɗaya ba. Wasu su ce Charles Townes ne na Amurka, wasu su ambaci Basov da Prokhorov na Rasha, wasu kuma su koma can baya har kan Albert Einstein. To amma in aka sake fasalin tambayar, aka ce a hannun wa na'urar ta fara aiki, a nan gardama ta ƙare, domin a hannun Theodore Maiman ne, ran 16 ga Mayu, 1960. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda wannan mutum, da 'yan kuɗi kaɗan da mataimaki guda, ya riga manyan cibiyoyin bincike, da kuma yadda ya kasa samun cikakkiyar shaida daga abokan sana'arsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Theodore Harold Maiman a birnin Los Angeles ran 11 ga Yuli, 1927, amma a Denver ta Jihar Kolorado ya tashi. Mahaifinsa Abraham injiniyan lantarki ne mai sha'awar ƙere-ƙere, yana da ɗan ɗakin gwaje-gwaje a gida, a nan ne kuwa yaron ya fara sanin waya da batir. Tun bai balaga sosai ba ya riƙa samun kuɗin kashewa ta hanyar gyaran rediyo da kayan lantarki. Wannan tashi da ya yi da kayan gyara a hannu shi ne mabuɗin labarinsa duka.

Bayan ya yi kamar shekara guda a rundunar sojan ruwa, ya shiga Jami'ar Kolorado ya sami digirin farko a 1949. Daga nan ya wuce Jami'ar Stanford, inda ya sami digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a 1951, da na uku a Fiziks a 1955. Malamin da ya duba aikinsa shi ne Willis Lamb, wanda a wannan shekara ta 1955 aka ba shi kyautar Nobel. A 1956 Maiman ya kama aiki a sashen bincike na kamfanin Hughes, masu ƙera jiragen sama da kayan soja a Kalifoniya.

Mene Ne Leza?

Hasken rana ko na fitila gauraye yake da launuka iri-iri, yana kuma bazuwa ta kowace fuska kamar jama'a idan kasuwa ta watse. Shi kuwa hasken leza launi ɗaya ne, fuska ɗaya yake bi, kamar ayarin da ya miƙe turba guda da taku guda. Saboda haka ne ake iya tara shi a wuri ƙanƙane har ya huda ƙarfe, ko a aika da shi nesa bai watse ba.

Asalin hikimar daga Einstein take. A 1917 ya nuna cewa ƙwayar zarra wadda aka ɗora wa ƙarfi, in wani haske ya gifta ta, yakan zuga ta ta saki nata hasken, wanda zai fito daidai da na farkon a launi da fuska. Ashe ke nan ɗaya zai zama biyu, biyu su zama huɗu. Sharaɗin dai shi ne ƙwayoyin da aka ɗora wa ƙarfi su fi waɗanda ke kwance yawa, in ba haka ba na kwancen za su shanye hasken. A 1954 Townes da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya suka yi amfani da wannan hikima suka ƙera meza, wato na'urar da ke ƙarfafa gajerun igiyoyin rediyo. A Disamba 1958 kuma shi da Arthur Schawlow suka buga maƙalar da ta nuna cewa ana iya yin haka da haske. Daga nan tsere ya tashi, cibiyoyi irin su Bell da IBM da Westinghouse kowa ya duƙufa.

Maganar Yakutu

Aikin da Maiman ya fara shahara da shi a Hughes shi ne gyara wata meza ta sojan Amurka mai aiki da yakutu. Nauyinta ya fi tan 2, ya yi ta rage ta har ta koma abin da bai kai kilo 2 ba. Ta haka ya san halin yakutu ciki da waje. Ba na ado ake nufi ba, na haɗi ne da ake yi a masana'anta, wanda 'yan ƙwayoyin kuromiyam da ke cikinsa su ne ke ba shi launin ja-ja.

Sai dai manyan fannin sun riga sun yanke wa yakutu hukunci. A wani taro da aka yi a Jihar New York cikin Satumba 1959, wanda Maiman ya halarta, Schawlow ya bayyana cewa irin wannan yakutu ba zai yi ba, don sai an ɗaga fiye da rabin ƙwayoyin kuromiyam ɗinsa a lokaci guda, abin da ke bukatar haske mai tsananin gaske. Har ila yau wani masani, Irwin Wieder, ya buga sakamakon awonsa cewa kamar kashi 1 cikin 100 kaɗai na hasken da yakutu ya sha yake mayarwa. Jin haka sai yawancin masu bincike suka juya wa dutsen baya.

Shi ma Maiman da farko ya yarda. Amma da ya so ya gano inda sauran hasken yake salwanta, don ya nemi wani dutsen da ba shi da wannan aibi, sai ya zauna ya sake awon da kansa. Abin da ya samu ya haura kashi 70 cikin 100. A ganina nan ne aka ci tseren, tun kafin a harhaɗa komai. Wasu da suka fi shi suna da kayan aiki sun karanta adadi a mujalla sun wuce, shi kuwa ya koma ya taɓa da hannu. Gani ya kori ji.

Saura maganar haske mai tsanani. A nan ma dabarar mai gyara ce ta fisshe shi. Sauran masu bincike sun nace ga leza mai ci ba ƙaƙƙautawa, shi kuwa ya ga cewa walƙiya ɗaya ta isa hujja. Ya nemo fitilar walƙiya ta masu ɗaukar hoto, mai siffar murɗaɗɗiyar igiya, ƙirar General Electric. Ya ɗauki sandar yakutu mai kaurin santimita 1 da tsawon kamar 2, ya shafe bakunanta biyu da azurfa don su zama madubai, ya bar 'yar kafa a ɗayan. Ya zura sandar a tsakiyar fitilar, ya rufe su cikin gwangwanin alminiyam. Duk na'urar tafin hannu ya ɗauke ta, kuɗin da kamfanin ya ware wa aikin kuwa dala 50,000 ne, da ƙyar ma shugabanninsa suka yarda.

Ran 16 ga Mayu, 1960, a Malibu, shi da mataimakinsa Irnee D'Haenens suka riƙa ƙara wa fitilar ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan, har na'urorin awo suka nuna jan hasken ya yi tsalle ya tsuke a launi ɗaya.

Bayan Nasara

Mai karatu zai zaci daga nan sai yabo. Ba haka abin ya kasance ba. Maiman ya aika da rahotonsa ga mujallar Physical Review Letters, editanta Samuel Goudsmit ya mayar masa. Goudsmit babban masani ne, amma ya gaji da maƙalu a kan meza, ga shi kuma bai daɗe da buga wa Maiman wata maƙala a kan yakutu ba, sai ya ɗauka maimaici ne. Dole Maiman ya taƙaita rahoton zuwa kalmomi kamar 300 ya aika wa mujallar Nature ta Ingila, wadda ta buga shi ran 6 ga Agusta.

Kafin nan, don gudun kada a riga su, kamfanin Hughes ya tara 'yan jarida a New York ran 7 ga Yuli. Wannan ya jawo illa biyu. Jaridu sun kwarmata cewa an ƙera hasken kisa, masana kuma suka ga kamar an kai wa 'yan jarida abin da ya kamata a fara kawo musu. Wasu ma sun yi ta cewa yakutunsa na farko bai fitar da siririn haske sosai ba. Gaskiya ne dutsen farkon ba mai kyau ba ne, amma da ya sami mafi inganci cikin 'yan makonni hasken ya fito tsaf, kuma irin tsarinsa ne sauran cibiyoyi suka bi suka sami nasu. Kafin shekarar ta ƙare IBM sun yi leza ta biyu, Ali Javan ɗan asalin Iran da abokansa a Bell kuma suka yi ta iskar gas.

A 1964 aka ba Townes da Basov da Prokhorov kyautar Nobel saboda aikinsu a wannan fanni, a 1981 kuma Schawlow ya sami tasa. Babu mai cewa ba su cancanta ba, don su suka share fagen ta fuskar nazari. Amma yana da wuya a kauce wa zaton cewa an ɗauki Maiman a matsayin injiniyan kamfani wanda ya aiwatar da abin da malaman jami'a suka tsara, alhali kuwa hanyar da ya bi ita ce wadda suka ce ba ta ɓullewa. Wannan abu ya tsaya masa a rai, kamar yadda ya fito fili a littafin tarihin kansa, The Laser Odyssey, na shekarar 2000.

Ya bar Hughes a 1961, a 1962 ya shugabanci kamfanin Korad mai ƙera leza, daga 1976 zuwa 1983 kuma ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin TRW. An ba shi kyautar Wolf, da kyautar Japan a 1987. Ya kuma rayu ya ga abin da ya kunna ya shiga aikin tiyatar ido, da yankan ƙarfe, da faifan sauti, da wayoyin gilashi masu ɗaukar zance daga nahiya zuwa nahiya.

A 1999 ya ƙaura da matarsa zuwa Vancouver ta Kanada, a nan ya mutu ran 5 ga Mayu, 2007, saura wata biyu ya cika shekara 80. Tun daga 2018 hukumar UNESCO ta mai da 16 ga Mayu Ranar Haske ta Duniya, don tunawa da gwajin Malibu. Na'urar farkon kuwa bai yarda ya bar wa kowa ba, ya tafi da ita Kanada, ya ajiye ta a akwatin ajiya na banki.