Alhaji Abdulƙadir Ahmed: Gwamnan Da Naira Ta Karye A Hannunsa

Duk ɗan kasuwar da ya yi canji ko fatauci tsakanin Zangon Kwatano da Legas a shekarun 1980 ya riƙe sa hannun wannan bawan Allah, ko da bai san fuskarsa ba, domin kuwa yana jikin takardun Naira na wancan zamani. Shi ne marigayi Alhaji Abdulƙadir Ahmed, wanda ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya na tsawon shekara 11, kuma har yau babu gwamnan da ya kai shi daɗewa a kan wannan kujera.

An haife shi a Jama'are, cikin Jihar Bauchi ta yanzu, ranar 31 ga Oktoba, 1940. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa da ke Zariya, daga baya ya tafi Ingila ya ƙware a aikin akanta. A 1976 aka naɗa shi kwamishinan kuɗi na sabuwar Jihar Bauchi, shekara ɗaya bayan haka ya zama mataimakin gwamnan Babban Banki. A watan Yunin 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ba shi gwamna, daidai lokacin da farashin man fetur ya fara faɗuwa a kasuwannin duniya. Ya yi aiki da shugabanni huɗu, wato Shagari da Buhari da Babangida da Shonekan.

Abu na farko da 'yan kasuwar kan iyaka ba za su manta da shi ba ya faru ne a watan Afrilun 1984. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasar ba zato ba tsammani, Babban Banki kuma ya canza launin takardun kuɗi. An ba jama'a kwanakin da ba su kai mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi banki, sannan abin da mutum zai karɓa a hannu bai wuce Naira 5,000 ba. Manufar ita ce a kashe Nairar da aka ɓoye a ƙasashen waje. Sai dai wutar ba 'yan siyasa kaɗai ta ci ba, ta haɗa har da 'yan canji da fatake na Kwatano da Maraɗi da Lome, waɗanda suka wayi gari da damman kuɗin da ba su sayen ko goro, ga Seme da Idiroko a garƙame. Ba a sake buɗe iyakokin ba sai a 1986. A Nijar kuwa rufewar ta zo tare da fari, har jama'a suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Na biyu shi ne karyewar darajar Naira. Lokacin da ya hau kujera, Dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba a farashin gwamnati. A watan Satumban 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, bankin ya fara yin gwanjon kuɗin waje, nan take Dala ta haura Naira 4. Kafin ya sauka a 1993 ta kai wajen Naira 22, a kasuwar bayan fage kuma abin ya fi haka. Wanda ya tara jarinsa da Naira ya ga dukiyarsa tana narkewa kamar gishiri a ruwa, mai Sefa kuwa ya riƙa sayen kayan Nijeriya da araha. A 1991 aka fito da takardar Naira 50, aka mayar da Naira ɗaya tsaba.

Ya yi ritaya ranar 30 ga Satumba, 1993, Paul Ogwuma ya gaje shi. Amma tsugune ba ta ƙare ba. A 1994 Janar Abacha ya kafa kwamitin binciken Babban Banki a ƙarƙashin masanin tattalin arziki Dakta Pius Okigbo. Kwamitin ya gano cewa tun daga Satumban 1988 ake karkatar da wani kaso na kuɗin mai zuwa wasu asusun musamman da ba sa cikin kasafin kuɗin ƙasa, har da rarar da aka samu sa'ilin da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 farashin mai ya tashi. Zuwa Yunin 1994 kuɗin da suka shiga sun kai Dala biliyan 12.4, abin da ya rage kuwa bai fi Dala miliyan 200 da 'yan kai ba. Rahoton ya nuna cewa shugaban ƙasa ne ke ba da izinin fitar da kuɗin, gwamnan banki kuma shi ke aiwatarwa, babu majalisa ko mai binciken kuɗi da ke leƙawa, sannan an kashe akasarinsu a kan abubuwan da ba su ne ƙasa ta fi buƙata ba.

Ya kamata a yi wa mamaci adalci. Babu kotun da ta same shi da laifi, gwamnati ba ta wallafa rahoton a hukumance ba, Janar Babangida ya sha musanta zargin, kuma watannin ƙarshe na lissafin sun faɗo ne bayan saukarsa. Masu kare shi na cewa a zamanin soja gwamnan banki ɗan aike ne kawai. Masu sukarsa kuwa na cewa wanda aka ba ajiya shi ake tambaya, kuma da bai yarda ba, ai ƙofar murabus a buɗe take.

Alhaji Abdulƙadir ya rasu a 1997, shekara huɗu bayan barinsa aiki. Tsofaffin 'yan canji da suka ga 1984 da idonsu har yanzu suna yi wa yaransu huɗuba cewa kada su zuba jarinsu duka a kuɗin ƙasa ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.