Samuel Ajayi Crowther, Yaron da Aka Musaya da Doki

A ƙasarmu idan an ce jarumi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mai takobi, wanda makaɗa ke yi wa kirari da yawan garuruwan da ya ci. Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata bai taɓa cin gari ba, garinsu ma aka ci. Bai yi tsawo ba, ba shi da ƙarfin murya, a ƙarshen ransa kuwa samari sa'o'in jikokinsa suka ƙwace aikinsa yana ji yana gani. Ku karanta, ku auna da kanku ko ya isa a yi koyi da shi.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Osogun, wani gari na ƙasar Yarbawa. A cikin 1821, wata rana da safe mata suna shirin abinci, sai mayaƙa masu farautar bayi suka kewaye garin, suka sa wuta. Aka kama shi tare da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka ɗaura musu igiya a wuya. Ubansa kuwa bai sāke ganinsa ba. Wanda ya same shi a rabon ganima ya musaya shi da doki. Bayan wata biyu dokin bai gamshe shi ba, sai aka warware ciniki aka komo da yaro. Daga nan aka raba shi da uwarsa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, wani lokaci da taba da barasa, har baƙin ciki ya sa ya nemi ya shaƙe kansa, amma Allah bai nufa ba. Ƙarshenta aka kai shi Ikko, Turawan Fotugal suka saye shi suka sa a jirgi.

Jirgin bai yi nisa ba, a watan Afrilu 1822, sai jiragen yaƙi na Ingila masu tsare teku don hana cinikin bayi suka tare shi. Ajayi bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga harsasan igwa a tare wuri ɗaya, ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne, naman alade da aka rataye kuwa ya ɗauka naman mutane ne. Aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi. Can ya shiga hannun masu aikin mishan na C.M.S., ya koyi sassaƙa, ya kama karatu da irin ƙwazon da cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samuel Crowther. Sa'ad da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari a littafin 'yan makaranta. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, suka zauna tare wajen shekara 50.

Yana malamin makaranta a Saliyo wani abu ya faru wanda ya gyara masa hanya. Ya ga laya a wuyan wani yaro ɗan Musulmi, ya tsinke ta. Uban ya zo da fushi. Crowther ya kira dattawan Musulmi muhawara, ya shirya ayoyinsa sarai, ya yi ta kawo hujja. Aka tashi kowa yana kan bakansa, ba wanda ya gusa ko taki ɗaya. Daga nan ya gane cin gardama dabam ne, samun zuciyar mutum dabam.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara, don a yi alkawari da sarakuna a bar sayar da mutane a kama noma da ciniki. Aka sa Crowther ya tafi tare da wani Bajamushe mai wa'azi, J. F. Schön, wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa, shi ne kuma daga baya ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa ba su kasa 40 ba, jirgi ɗaya ne kaɗai ya kai Egga ta ƙasar Nufe. Amma abin da Crowther ya rubuta na tafiyar ya sa manyan mishan suka ga irin hankalinsa, suka kuma ga Bishara ba za ta shiga cikin ƙasa ba sai ta hannun 'yan ƙasa. Aka kira shi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843.

Ya isa Abekuta a 1846 tare da Henry Townsend. Bai yi wata ɗaya ba sai labari ya zo, wata tsohuwa tana nemansa. Ashe uwarsa ce, bayan shekara 25. Suka tsaya suna duban juna, hawaye na zuba, magana ta gagara. Ya sami ƙannensa ma. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma cikin masu bi na fari a garin, aka sa mata suna Hannatu, uwar Sama'ila ke nan.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne na harshe. Ya kan zauna wurin tsofaffi, har da bokaye da masu duba, yana sauraron yadda su ke magana, yana rubuta kalmomi da karin magana, gama ya san Littafi Mai Tsarki da aka juya da harshen 'yan makaranta kaɗai ba zai shiga kunnen manomi ba. Ya sa alamu bisa haruffa domin a san hawa da saukar murya, tun da ya ke a Yarbanci kalma ɗaya ta kan ba da ma'ana uku. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, tare da takardun da ya tara shekara 11. Ya koma ya soma daga fari. Da taimakon waɗansu aka gama Littafi Mai Tsarki duka da Yarbanci a 1884. Ya kuma rubuta littafin koyon karatu da harshen Ibo a 1857, da nahawun Nufanci a 1864. Namu na Hausa sai 1932 ya fito cikakke, wanda ya san wahalar da aka sha kafin a same shi ya san nauyin abin da mutumin nan ya ɗauka.

Ya sāke hawan Kwara da Binuwai a 1854 tare da Likita Baikie. A wannan karo aka riƙa shan kwini kowace rana, ba wanda ya mutu. A 1857 aka ba shi aikin kafa mishan a bakin Kwara, ma'aikatansa duka baƙar fata daga Saliyo. Ya ajiye Fasto J. C. Taylor a Anaca, ya wuce gaba, sai jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya fashe. Suka yi wata da watanni a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Maimakon zaman banza, ya kama koyon Nufanci, yana zuwa Raba yana sanin mutane.

Babban magatakardan C.M.S. na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa ekklesiya ta kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta yi mulkin kanta, ta yaɗa Bishara da kanta. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther ya yi ta ƙi, don ya san akwai Turawan da ba za su yarda su zauna ƙarƙashinsa ba, Townsend abokin aikinsa ma yana cikinsu. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, baƙin mutum na fari da ya zama bishop a ɗarikar Anglikan. Cikin taron akwai Leeke, shugaban jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce. Amma aka yi wata dabara: Ikko da Abekuta, inda Turawa ke aiki, ba a sa su a hannunsa sosai ba. Aka bar masa bakin kogi daga teku har ƙasar Nufe, ba jirgi nasa na kansa, kuɗi kuwa kaɗan. Sai ya jira jirgin 'yan kasuwa, ko ya shiga kwalekwale, kafin ya ziyarci ma'aikatansa, sau da yawa sau ɗaya a shekara.

Wanda ya ce tawali'unsa tsoro ne, bari ya ji wannan. A 1867 wani basarake kusa da Ida, Abokko, ya kama shi da ɗansa Dandeson, ya tsare su kwanaki a bakin kogi, ya ce sai an biya fansa mai yawa. Bishop ya ƙi yarda a biya, gama in aka biya yau, gobe kowane mai wa'azi ya zama hajar kasuwa. Wani Bature wakilin Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya fitar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu a cikin jirgi. A Boni kuwa, inda a ke bauta wa guza har ba mai taɓa shi, mutanen gari da sarkinsu suka kawar da wannan tsafi a ranar Ista ta 1867.

Zamansa da sarakunan Musulmi abin lura ne gare mu. Ya kan je Bida ya gai da Etsu Masaba da ladabin da ya kamaci sarki, ya kan ba da Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta. A Ilori a 1872 aka yi masa tambayoyi a gaban sarki a kan Almasihu. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya sa a karanta amsar, har fadawa suka nemi ya yi wa sarki addu'a. Amincin ya kai har daga baya Etsu Maliki ya aiko da takarda yana roƙon a gaya wa Bishop ya taimaka a hana kawo barasa ƙasar Nufe, don tana lalatar da mutanensa. Sarki Musulmi bai ga wanda zai kai wa kukansa ba sai wannan tsoho.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Yana da sanyin hali wajen horo. Cikin ma'aikatansa akwai amintattu, akwai kuma waɗanda suka shiga ciniki da shaye-shaye. A Anaca ma waɗansu suka yi wa wata yarinya dūkan da ya kashe ta, shari'a ba ta same su ba sai bayan shekaru. Bishop ya kan ja wa mai laifi kunne ya ba shi wata dama, wani lokaci har inda bai kamata ba. Mai kiwon da ke ganin garkensa sau ɗaya a shekara, da wuya ya san wadda ta yi gurgunta.

Bayan mutuwar Venn a 1873 iska ta juya. 'Yan kasuwar Turai suna so su kama kogin su kaɗai, ra'ayin raina baƙar fata kuma ya yi ƙarfi. Aka karɓe sha'anin kuɗi da na jirgin mishan daga hannun Bishop, aka aika da rahoto a kan ma'aikatansa wanda ba a nuna musu ba balle su kāre kansu. A 1890 waɗansu samari suka zo daga Ingila, Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson da F. N. Eden. Biyu na farin nan burinsu su kai Bishara ƙasar Hausa, har suna sa riga da rawani. Masu himma ne ƙwarai, amma himma ba haƙuri. Suka duba aikin shekara 33 suka ce duk ruɓaɓɓe ne. A taron da aka yi a Anaca cikin Agusta 1890, Eden, wanda shi magatakarda ne kawai, ya dakatar da fastocin da Bishop ya naɗa, har da Dandeson, a gaban idon ubansa. Tsoho mai shekara fiye da 80 ya tambaya a kawo shaida, ba a kawo abin kirki ba. Ya tashi ya sauka daga shugabancin kwamitin.

A nan ne, a ganina, girman mutumin ya fito. Yana da jama'a a bayansa daga Saliyo har Boni, da ya ɗaga yatsa da ekklesiya ta tsage biyu a ranar. Bai yi ba. Bai zagi mishan da ta rene shi ba, bai kuwa yarda da ƙarya don a zauna lafiya ba. Ya rubuta wa Landan abin da ya faru dalla dalla, ya ce in ana ganin bai isa ba a shirye ya ke ya bar wa wani, shi ya tafi inda ba a taɓa wa'azi ba. Ya kuma goyi bayan ekklesiyoyin bakin teku su riƙe kansu da kuɗinsu ba tare da sun fita daga ɗarika ba. Samarin nan ma ba mu iya ce musu mugaye. Robinson ya juya Bisharar Matiyu da Hausa, ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu.

Ciwon shanyewar jiki ya kama Bishop a tsakiyar 1891, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba na shekarar. A 1892 ekklesiyoyin bakin teku suka kama riƙon kansu a ƙarƙashin Dandeson. Bature aka naɗa a gurbin Bishop, aka kuwa yi shekara 60 kafin a sāke ba ɗan ƙasa riƙon dayosis a Nijeriya. Jikansa ta wajen 'yarsa, Herbert Macaulay, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara neman 'yancin ƙasar. A 1976 aka ɗauke ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka binne a harabar babbar majami'ar Almasihu ta Ikko. A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.