Philip Gosse: Malamin da ya nuna wa jama'a dukiyar gaɓar teku, jama'a suka wawashe ta

A shekarar 1855, mazauna Ilfracombe, wani ƙaramin gari da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, sun fara ganin abin da ba su saba gani ba. Da zarar ruwa ya janye, sai ayarin maza da mata su gangara kan duwatsu masu santsi, riƙe da kwanduna da kwalabe, suna biye da wani mutum ɗan shekara 45. Yana ɗaga dutse, yana leƙa rami, yana faɗa musu sunan duk halittar da suka tarar da yadda take rayuwa. Sunansa Philip Henry Gosse. Yana daga cikin mutanen farko da suka mayar da yawon bakin teku ya zama aji, aka buɗe shi ga duk mai sha'awa.

Ga mai karatu a Gaya ko Ajingi, inda teku ke da nisan ɗaruruwan kilomita, abin na buƙatar bayani. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan ciko ya rufe gaɓa, sannan ya janye, galibi saboda ƙarfin jan da wata ke yi wa duniya. A Ilfracombe, tazarar cikowa da janyewa takan wuce mita takwas a ranakun tsayuwar wata da cikarsa. Idan ruwan ya koma, yakan bar ƙananan tafkuna a kwarmin duwatsu, cike da ƙaguwa, jatan lande, dodon koɗi, ƙananan kifaye, da wata dabba mai kama da fure wadda ke manne wa dutse. Abin da kogi ke yi a fadama sau ɗaya a shekara, in ya yi ambaliya ya koma ya bar kududdufai, shi teku ke yi safe da yamma.

Akawun da ya koyar da kansa

An haifi Gosse ranar 6 ga Afrilu, 1810, a garin Worcester, ya kuma tashi a Poole, wani gari mai tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa mai zanen hotunan mutane ne da ke yawo gari-gari neman abin sawa a baka. Wata gwaggonsa, Susan Bell, ita ta koya masa zane, ta kuma cusa masa son halittu. Bai taɓa zuwa jami'a ba. Yana ɗan shekara 15 ya fara aikin akawu, a 1827 kuma ya tsallaka teku zuwa Carbonear da ke tsibirin Newfoundland, inda ya shafe shekara takwas yana riƙe littafin lissafin wani kamfanin fatauci. A lokutan hutunsa yakan kama ƙwari, ya zana su, ya rubuta halayensu.

Daga nan ya gwada noma a Kanada, abin bai yi albarka ba. A 1838 ya koyar da yara a jihar Alabama ta Amurka, inda ya ga azabar da ake gana wa bayi baƙar fata, ya kuma rubuta ƙyamarsa game da ita daga baya. Ya koma Ingila a 1839 hannu rabbana, har sai da littafinsa na farko kan halittun Kanada ya fito a 1840 ya ɗan samu sa'ida. A 1844 ya tafi Jamaika tattara tsuntsaye da tsirrai. A can ya yi aiki da masanin ƙasar, Richard Hill, da wani matashi baƙar fata mai suna Samuel Campbell, kuma ya ambaci gudunmawarsu a rubuce, abin da ba kowane Bature mai bincike ke yi ba a wancan zamani.

Yadda teku ya shiga falo

Rashin lafiya ne ya kai shi gaɓar lardin Devon a 1852. Can ya duƙufa kan halittun da ke zaune tsakanin tudu da ruwa, kuma littafin da ya wallafa kansu a 1853 ya samu karɓuwa ƙwarai. A shekarar ce Gidan Ajiye Namun Daji na Landan ya buɗe zauren kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo, Gosse kuwa na cikin waɗanda suka cika akwatunan gilashinsa da halittun da ya kwaso daga gaɓar Weymouth.

Dabarar mai sauƙi ce: ciyawar ruwa na fitar da iskar da dabba ke shaƙa, dabba kuma na fitar da wadda ciyawa ke buƙata, saboda haka idan aka daidaita su a akwati ɗaya, ruwan ba zai ruɓe ba. Ba shi ya fara gano haka ba. Wata mata mai suna Anna Thynne ta riga ta rayar da halittun teku a gidanta na Landan, masanin sinadarai Robert Warington kuma ya yi bayanin daidaiton tun 1850. Amma littafin Gosse na 1854, The Aquarium, shi ya kai dabarar gidajen jama'a, ya kuma tabbatar da sunan da ake kiran akwatin da shi a Turanci har yau. Ya ma bayar da hanyar haɗa ruwan gishiri ga wanda ke nesa da teku.

Daga littafi sai ya koma fili. Bayan ajin Ilfracombe, ya jagoranci wani a Tenby da ke yankin Wales a 1856, shekarar da aka zaɓe shi cikin ƙungiyar Royal Society, mafi daraja a kimiyyar Birtaniya. Ƙa'idarsa ita ce ɗalibi ya ga halitta da ranta, a mazauninta, maimakon busasshiyar gawarta a gidan tarihi. Mata da aka rufe wa ƙofar jami'o'i a lokacin sun samu gurbi a wannan aji marar bango.

Shekarar baƙin ciki

A Fabrairun 1857 matarsa Emily ta rasu sakamakon ciwon dajin mama, ta bar shi da ɗa ɗaya, Edmund. Gosse mutum ne mai tsananin riƙo da addininsa na Kirista. A wannan shekarar ya fitar da Omphalos, littafin da ya nemi sasanta nassin littafinsa mai tsarki da binciken masana duwatsu, inda ya ce an halicci duniya ɗauke da alamun tsufa tun ranar farko. Malaman coci ba su karɓa ba, masana kimiyya ma haka. Ya tattara ya koma St Marychurch kusa da Torquay, inda a 1860 ya kammala babban littafinsa kan dabbobin nan masu kama da fure, wanda ya yi wa zane da hannunsa. Ya rasu a can ranar 23 ga Agusta, 1888, yana da shekara 78.

Abin da taron jama'a ya bari

Shahara ta zo da nata farashin. Akwatin gilashi ya zama abin yayi a gidajen masu hali. 'Yan kasuwa irin su William Alford Lloyd suka buɗe shaguna a Landan suna sayar da halittun teku. Jirgin ƙasa ya rinƙa sauke baƙi a garuruwan gaɓa, kowa da kwalbarsa. Shi kansa Gosse da guduma da ƙarfe yake ɓamɓare dutse don ya ciro abin da ke manne a jiki, kuma dubban masu karanta shi sun kwaikwayi hannunsa ba tare da sun gaji saninsa ba. Da yawa daga abin da aka kwasa ya mutu cikin kwanaki.

A littafinsa na 1907, Father and Son, Edmund ya bayyana cewa masu tsinta sun kwashe tafkunan da ya sani a yarinta ƙarƙaf, kuma mahaifinsa ya gane tun da ransa cewa littattafansa ne suka jawo hakan, abin da ya dame shi matuƙa. Marubuciya Ann Thwaite, wadda ta fitar da tarihin Gosse a 2002, ta nuna cewa ɗan ya zuzuta tsananin mahaifinsa a wurare da dama, don haka shaidarsa na buƙatar taka-tsantsan. Sai dai darasin ya zauna. A yau, masu jagorantar irin wannan yawo a Wembury da ke Devon suna koya wa yara su mayar da kowane dutse yadda suka same shi, su kuma sake kowace halitta a inda suka ɗauke ta. Tsibirin Lundy, da ke daura da gaɓar da Gosse ya yi ajinsa, ya zama wurin kare halittun teku na farko bisa doka a Birtaniya a 1986, a 2003 kuma aka haramta kamun komai a wani sashensa.

Darasi ga bakin koginmu

Gabashin Kano ba shi da teku, amma yana da gaɓa. Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yana cika yana janyewa, kuma madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ambaliyarsa ke isa fadamu. A kududdufan da damina ke bari akwai talibambam da mazari da tarwaɗa, akwai kuma gaiwa, kifin da ke binne kansa a laka ya jira ruwan baɗi. Yaron da ya haddace sassan kifi a allon aji, sau da yawa bai taɓa tsugunawa da malaminsa a bakin tafkin bayan gari ba. Irin ajin Gosse ba ya buƙatar ɗakin gwaji: malami, kwalba da safiya guda sun isa.

Abin da ajin nasa ya rasa, ƙasar Hausa ta daɗe da shi. A Argungu, Sarkin Ruwa ne ke kula da kogin Matan Fada, ba a kuma faɗa masa da su sai lokacin da aka ɗiba ya yi. Gaɓar Ingila ta zamanin Gosse ba ta da mai cewa a dakata. Duk makarantar da ke Gaya ko Ajingi da za ta fita da ɗalibanta bakin ruwa, ya kamata ta tafi da abu biyu: idon da Gosse ya koyar, da kuma dokar masunta ta barin iri. Idan aka buɗe rumbu ba a naɗa mai tsaro ba, ranar shuka za a nemi iri a rasa.