Heinrich Barth, Bajamushen da ya ga shanu a jikin duwatsun Sahara

A shekarar 1850, ayarin da gwamnatin Ingila ta tura neman hanyoyin kasuwanci ya ratsa tsaunukan Messak, a kudu maso yammacin Libiya ta yau. Cikinsu akwai Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim don tafiyar.

A wani busasshen kwari ya tarar da siffofin shanu an sassaƙa su a jikin dutse, a wurin da saniya ba za ta kwana biyu da rai ba. Ya kuma lura cewa babu raƙumi a cikinsu. Daga nan ya fahimci cewa makiyaya sun zauna a wurin tun kafin zuwan raƙumi, lokacin da ƙasar ke da ruwa da ciyawa. Bincike na baya ya gaskata shi: Sahara ta yi dausayi shekaru dubbai da suka wuce.

Ya bi ta Azbin da Agadas, ya shiga Kano a 1851 yana jin Hausa. Ya rasu a Berlin a 1865, yana da shekara 44.