John Howard, Mai Gyaran Gidajen Yari

An haifi John Howard a Ingila cikin 1726. Da aka naɗa shi babban jami'in shari'a na lardin Bedford cikin 1773, sai ya shiga kurkuku da kansa, ya tarar da mutanen da alƙali ya wanke suna tsare saboda sun kasa biyan gandirobobi kuɗin sallama. Su kuwa gandirobobin ba su da albashi, wannan kuɗi shi ne abincinsu. Ya kai magana gaban majalisa, cikin 1774 aka ɗauke wa wanda aka wanke wannan biya. Daga nan ya yi ta zagaya gidajen yarin Turai, har zazzaɓi ya kashe shi a Kherson, cikin Yukren ta yau, a 1790.