Grace Hopper da lissafin kwabo

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin adashinmu ta san yadda kwabo ɗaya ke hana ma'aji barci. Shi ya sa a bikin bana muka ɗauko tarihin Grace Hopper, Ba'amurkiya da aka haifa a New York a 1906.

Malamar lissafi ce, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1934. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta shiga sojan ruwa, aka tura ta aiki da wata ƙatuwar na'urar lissafi a Harvard.

To, kwamfutar da muka sani sifili da ɗaya kawai ta iya. A wannan tsari ɗaya bisa goma ba ya fita cif, sai da ɗan ragowa, kuma a albashin dubban mutane ragowar nan taruwa take yi. Sannan in ba a gaya mata ba, ba ta bambance suna da kuɗi.

Grace ta dage a riƙa ba na'ura umarni da kalmomin mutane. Da farko ba a saurare ta ba. Amma harshen da ita da abokan aikinta suka tsara, FLOW-MATIC, daga shi aka ɗebi tubalin COBOL a 1959. A COBOL tun farko ake fayyacewa: nan gurbin suna ne, nan na kuɗi, a lissafa shi goma-goma har kwabo. Bankuna da yawa har gobe da shi suke aiki.

Sai da ta kai shekara 79 ta ajiye kaki. Ta rasu a 1992.