Henry Jackson: Sanatan da bai hau mulki ba, amma almajiransa suka ja Amurka zuwa Iraƙi

Lokacin da sojojin Amurka suka afka wa Iraƙi a watan Maris na 2003, Sanata Henry Jackson ya kusa cika shekara 20 a kabari. Duk da haka, wasu daga cikin manyan waɗanda suka ingiza gwamnatin George W. Bush zuwa wannan yaƙi a gabansa suka koyi siyasa.

An haifi Henry Martin Jackson ranar 31 ga Mayu, 1912, a garin Everett na jihar Washington, iyayensa kuwa baƙi ne daga ƙasar Norway. Ya karanta aikin lauya, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1940 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat. A 1953 ya koma Majalisar Dattawa, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A harkokin cikin gida, Jackson aminin ƙungiyoyin ƙwadago ne. Ya goyi bayan dokokin 'yancin baƙar fata, ya kuma jagoranci dokar kare muhalli ta 1969. A harkokin waje kuwa ba shi da sassauci. Ya yi imani cewa Tarayyar Sobiyet ba ta jin rarrashi sai ƙarfi, kuma yadda gwamnati ke mu'amala da talakawanta shi ke nuna yadda za ta yi da maƙwabtanta. Ya tsaya wa Isra'ila, ya kuma goyi bayan yaƙin Biyetnam har bayan da yawancin 'yan jam'iyyarsa suka juya wa yaƙin baya. Masu suka sun riƙa yi masa laƙabi da sanatan Boeing, saboda son kashe kuɗi kan makamai da kusancinsa da kamfanin jiragen da ke jiharsa.

Sa'ad da Shugaba Nixon da Henry Kissinger suka nemi sasantawa da Mosko, Jackson ya sha gabansu. Gyaran dokar kasuwanci da ya kawo tare da Charles Vanik a 1974 ya hana Sobiyet rangwamen ciniki muddin tana hana mutanenta, musamman Yahudawa, fita daga ƙasar. Sau biyu, a 1972 da 1976, ya nemi jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, bai dace ba.

Abin da ya rasa a akwatin zaɓe ya same shi a wajen matasan da ya rena. Richard Perle ya yi masa aiki kimanin shekara 11. Elliott Abrams da Douglas Feith sun bi ta ofishinsa, Paul Wolfowitz ma ya taimaka masa a muhawarar makaman kariya ta 1969. Su ne aka sani daga baya da sabbin masu ra'ayin riƙau, kuma dukkansu sun riƙe muƙamai a gwamnatin Ronald Reagan.

Jackson ya rasu ranar 1 ga Satumba, 1983, jim kaɗan bayan ya yi Allah wadai da harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da Sobiyet ta yi.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Wolfowitz ne mataimakin sakataren tsaro, Feith na kula da tsare-tsaren ma'aikatar, Perle kuma na shugabantar kwamitin ba ta shawara. Sun dage cewa kifar da Saddam Hussein zai buɗe wa yankin ƙofar dimokuraɗiyya. Ba a samu makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, fararen hular Iraƙi fiye da 100,000 suka salwanta.

Jackson ya tunkari Sobiyet ne da tara makamai da matsin ciniki, daular kuma ta rushe a 1991 ba tare da an mamaye ta ba. Almajiransa sun gaji imaninsa da ƙarfin Amurka, suka ɗora mamaya a kai, Iraƙawa suka ɗauki nauyin.